Na Ba Alhaji Sakamakon 'Yata Ya Kai da Hannu

Hajiya Maijidda, assalamu alaikum.

Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma idan akwai layi a filin nan naki ki tsallaka da ni gaba, domin abin da ya same ni ba ya jira. Ki yi haƙuri da rubutun. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na ibtida'i, wato firamaren ƙasar nan, kuma ko a can an fi sanina da ba yara dariya fiye da ba malam amsa. Bokon da kike gani a jikin jakunkunan alhazai na koye shi, shi ya sa na fi ƙwarewa a rubuta Gusau da Maraɗi da Potiskum.

Ina zaune a Hindawiyya a Makka. Aikina a wani shago ne a Jarwal, inda muke auna wa alhazai kaya, mu ɗaure, mu rubuta suna da gari. An zo da ni ƙasar nan daga Haɗeja ina yaro ƙarami, da niyyar mu sauke farali mu koma. Har yau ana komawa. Mahaifina ya rasu a nan, mahaifiyata ma a nan muka binne ta. Fasfona kore ne, ina zuwa Jidda in sabunta shi a kan kari kamar babban matafiyi, amma bai taɓa ganin hatimin filin jirgin Kano ba. Kowace shekara da dalilinta. Bana an yi haihuwa, baɗi ikama, wato takardar izinin zama, ta ƙare, wata shekarar kafili, ubangidan da ya tsaya min a ƙasar, ya ce a bari sai alhazai sun watse, in sun watse kuma sai 'yan umara su shigo. Haka gemu ya yi fari ina ɗaure wa mutane kayan tafiya gida.

Abin da na riƙe na gida kaɗan ne. Ƙamshin ƙasa bayan ruwan fari, kukan kwaɗi a bakin kogi, da kifin banda da kakata take ɓoye min a cikin ƙwarya. A nan idan aka yi ruwa, mutane gudu suke don tsoron ambaliya, ni kuwa sai in tsaya a ƙofar shago ina shaƙar iska kamar tsohon bunsuru. Ba abin da nake ji sai warin jiƙaƙƙiyar kwalta.

To, maganar ba tawa ba ce, ta autata ce, Rumasa'u. Yayyenta duk in na yi musu Hausa da Larabci suke ba ni amsa, ita kaɗai ce take zama kusa da ni ta ce in ba ta labarin gida. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, tana son karatun haɗa magunguna. Ke ma kin san gurbin ɗan baƙo a jami'o'in nan ba shi da yawa, ko da a gindin Ka'aba aka yanke masa cibiya. Ita da kanta ta yi ta bincike a waya har ta samo wata jami'a mai zaman kanta a Kano. Sun ce sun ɗauke ta, amma da sharaɗi: tunda duk karatunta da Larabci ta yi, sai ta rubuta jarrabawar Turanci irin wadda aka yarda da ita ko'ina, sakamakon kuma ya iso musu kafin su rufe karɓa. Yarinyar nan ta yi wata da watanni da abin ji a kunne, tana magana ita kaɗai a ɗaki, har uwarta ta fara tunanin a nemo mai ruƙiyya. Ta je Jidda ta rubuta, ta ci, har ta wuce makin da suka nema.

Daga nan jaki ya shigo labarin, wato ni.

Ta yi min bayani dalla-dalla cewa takardar da aka ba ta tata ce ta ajiya. Ofishin jarrabawar da ke Jidda ne zai aika wa jami'a da kansa, amma sai an je an nemi hakan an biya kuɗin aikawa. A lokacin an yi wa uwar ɗakina, wato mahaifiyarta, aikin ido, Rumasa'u ce ke ɗiga mata magani, tana girki, tana komai. Sai na buga ƙirji na ce ta bar wa Abuya, haka suke kirana. Ta haɗa komai a ambulan, har da ainihin takardar sakamakon don su duba lamba, ta miƙo min da hannu biyu.

Washegari shago ya cika maƙil, alhazai na shirin tashi, kowa na rantsuwa cewa sikelinmu ne ke ƙara wa jakarsa nauyi. Cikinsu akwai wani dattijo, Alhaji Mukhtaru, mai sabon haƙorin Makka, wanda sai da muka kwance jakarsa sau da yawa muna cire tangaran da bargo kafin ta daidaita. Muka saba. Na tambaye shi daga ina, ya ce Kano. Hajiya, a nan Shaiɗan ya zauna a kan sikeli. Na ce a raina, me zai kai ni Jidda cikin wannan rana in bar shago, in ba Nasara takarda ya aika ta inda ban sani ba, alhali ga Kano da kanta a tsaye a gabana? Tun ina yaro haka muke aika komai. Wasiƙa, kuɗin sadaki, maganin hawan jini, likkafanin da aka jiƙa da zamzam, labarin mutuwa da na haihuwa, duk a hannun alhaji suke tafiya, kuma ban taɓa jin allura ta ɓata ba. Ga shi in dattijo mai rawani ya shiga ofis da kansa ya ce daga Makka, ai na ɗauka har tsaye za su miƙe.

Na sa takardar a leda, na naɗe ta da salatif kamar yadda nake naɗe talabijin, na soka ta a cikin wata sallaya, na haɗa masa da dabino da kwalbar turare na tukuici. Da na koma gida ta tambaye ni, na ce an aika. Wallahi ban yi ƙarya ba, amma gaskiyar ma ba ta ji daɗin yadda na faɗe ta ba.

Abin da na manta, ni da na tsufa a cikin alhazai, shi ne duk wanda ka tambaya a Makka daga ina, Kano zai ce maka. Ashe Kanon Alhaji Mukhtaru wani ƙauye ne can bayan Tudun Wada. Kafin ma a kai ga nan, rukuninsu bai yi ziyarar Madina ba tukuna, sai da suka je suka cika kwanakinsu. Suka dawo jiran jirgi. Da ya isa gida 'yan sannu da zuwa suka rufe shi, aka yi ta rabon tsaraba, matarsa ta ɗauki sallayar nan da abin da ke cikinta ta ba wata ƙanwar kakarta. Sai da aka bi gida-gida kafin a gano ta. Ga damina ta kankama, gona na jiran taki. Duk lokacin da na kira sai ya ce in sha Allahu ranar kasuwa mai zuwa.

Ba na ganin laifinsa ko kaɗan. Bawan Allahn nan daga ƙarshe ya sa babbar rigarsa, ya shiga motar haya har Kano, ya nemo jami'ar, ya shiga ofishin ɗaukar ɗalibai. Shekaranjiya ya turo min saƙon murya. Ya ce sun karɓe shi da mutunci, sun ba shi kujera da ruwan sanyi, sun ce Allah ya sa karɓaɓɓe ne, sannan suka mayar masa da takardar. Suka ce ko shi ya haifi shugaban jami'ar ba za su karɓi sakamako daga hannun mutum ba, dole ya fito daga wurin masu jarrabawar kai tsaye. Kuma ƙarshen watan nan na Bature za su rufe, duk wanda nasa bai iso ba gurbinsa ya zama na wani. Abin da ya rage bai cika mako biyu ba.

Rumasa'u ba ta san komai ba. Kullum bayan sallar asuba sai ta buɗe shafin jami'ar a waya, ta ga wurin sakamako yana nan da jan rubutu cewa bai iso ba. Ta ɗora laifin a kan ofishin Jidda. Jiya ta rubuta musu takardar ƙorafi da Turanci, ta zo ta karanta min, ina gyaɗa kai ina cewa haka ne, mutanen nan ba su da tsoron Allah. Na roƙe ta ta dakata da turawa, wai kada a yi gaggawar zargin Musulmi. Uwar ɗakina kuwa, tun da aka wanke mata ido ta fara ganin abin da ban so ta gani ba. Ta dube ni a kan abinci ta ce, “Malam, barkwancinka ya yi yawa kwanan nan. Me ka fasa?” Na ce ba komai, zafi ne.

Bari in faɗa miki abin da ban faɗa wa kowa ba. Tun ranar da aka ce an ɗauke ta nake lissafin cewa ni zan raka ta, ai ba a bar 'ya mace ta yi wannan tafiya ita kaɗai ba. Na riga na yi magana da kafilina, ya yarda zai yi min bizar fita da dawowa. A raina na gama tsara komai. In na ajiye ta a makaranta zan tambayi tashar Haɗeja in shiga mota. Wataƙila ba wanda zai gane ni, wataƙila gidan ma ya zama shagon cajin waya. Ba komai. Zan sauka in tsaya a bakin ruwa, in ji ana Hausa hagu da dama ba tare da kowa ya rage murya ba. Kwanakin baya tana koyon kalmomi a wurina don kada a yi mata dariya a can, ta ce, “Abuya, mece ce marka?” Yaya za ka faɗa wa yarinyar da ta tashi tsakanin duwatsun Makka cewa akwai inda ruwa ke kwana yana zuba, ya wuni yana zuba, har mutane su gaji da shi? Na ce ta bari za ta gani da idonta. Yanzu ga shi ni ne na tare mata hanyar ganin.

Shawarar da nake nema ke nan. Zuciya ɗaya na ce min in lallaɓa Jidda ni kaɗai in gyara abin a ɓoye, in ya iso shi ke nan, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Sai dai ban sani ba ko za su saurare ni ba tare da ita ba, ga takardar da lambar ke jiki tana ƙauyen Alhaji. Akwai kuma wani mai bin takardu a unguwar Mansur da ya ce ya san wani da ya san wani, in ba shi kwana biyu. Ɗaya zuciyar kuma na cewa in faɗa mata. Ba faɗanta nake tsoro ba, da ma za ta yi faɗan da na ji sanyi. Na san halinta. Za ta sunkuyar da kai ta ce ba komai Abuya, daga ranar kuma ba za ta sake miƙo min wani abu nata da hannu biyu ba.

Ki taimaka, Hajiya. Idan zagi ne ma ki yi, na riga ki farawa.

Naki,
Mai ɗaurin kaya, Jarwal.

*

Wa alaikumus salam, Malam mai ɗaurin kaya.

Ba zan zage ka ba, ka yi wa kanka wanda ya isa. Na riga na tura maka wannan amsa ta waya ranar da wasiƙarka ta iso, tunda lamarin ba zai jira fitowar jarida ba. Ina buga ta a nan ne saboda iyayen da ke shirin yin irin taka.

Ka faɗa mata yau. Ko da ka ajiye maganar amana a gefe, aikin ba zai yiwu ba sai da ita. Ita ta rubuta jarrabawar, lambarta na cikin wayarta ko saƙonnin da aka turo mata, kuma ofis irin wannan ba kasafai yake sakin sakamakon mutum a kan maganar wani ba, ko da mahaifi ne. Duk kwanan da ka ƙara kana neman hanyar ɓoye, daga cikin 'yan kwanakinta ka cire shi. Mutumin Mansur kuwa ka gaishe shi ka wuce. Wannan ba aikin sanayya ba ne, kuma idan aka kawo wa jami'a abin da ta yi shakka a kansa, abin da za a rasa ya fi gurbin bana.

Da safe ku tafi Jidda tare, da fasfo ko ikamar da ta yi rajista da ita. Kafin ku tashi ta duba shafinta na jarrabawar, domin wasu ana iya neman aikawar daga nan ba sai an je ba. Ko ta wace hanya, ku nemi a aika ta na'ura idan jami'ar na karɓa haka, don ta gidan waya ba za ta cim ma lokaci ba. Ku tabbatar sunan jami'ar da sashen da za a tura wa daidai suke da yadda jami'ar ta rubuta, kuma harufan sunan yarinyar iri ɗaya ne a takardar jarrabawa da takardar neman gurbi. Sunayenmu idan suka bi ta Larabci suka fito a boko sukan canja kama, sakamako ya iso amma a kasa haɗa shi da mai shi. Ku karɓi shaidar cewa kun nema. A ranar ta rubuta wa ofishin ɗaukar ɗalibai, ta haɗa da shaidar, ta faɗi abin da ya faru a taƙaice ba tare da ɗora wa kowa laifi ba, ta tambaya ko suna la'akari da ranar da aka nema ko sai ranar da ya iso, ta kuma roƙi ɗan ƙarin lokaci idan ya makara. Sun ga dattijo ya taso takanas da takardar, wannan ma shaida ce cewa ba wasa kuke yi ba. Ka tuna kuma ku Juma'a da Asabar kuke hutu, su Asabar da Lahadi. Kwanakin da ofisoshin biyu ke buɗe tare daga Litinin ne zuwa Alhamis, saboda haka mako biyun naka bai kai yadda kake gani ba. Takardar ƙorafin nan ta goge ta. Alhaji Mukhtaru kuma ka yi masa godiya sosai, ya ɗauko hoton takardar ya turo, ya adana ta da kyau, za a neme ta ranar rajista.

Ban ɗauki abin da ka yi wauta ba. Hannun alhaji shi ya riƙe zumunci tsakanin ku da gida tun kafin a san waya, kuma ka gani da idonka bai ci amana ba. Su ma jami'a ba raina Alhaji suka yi ba. Takardar da ta bi hannu ana iya taɓa ta, su kuma ba su da hanyar bambance dattijon kirki da mai haɗa ta bogi, sai suka rufe ƙofar ga kowa. Kuskurenka shi ne yarinya ta yi maka bayani ka ɗauka ka fi ta sanin hanya. Wanda ya fi shi nauyi shi ne kalmar nan ta “an aika”, da barinta tana zargin waɗanda ba su ji ba su gani ba.

Idan za ka faɗa mata, ka kira mahaifiyarta ta zauna, ka faɗi abin yadda ya faru tiryan-tiryan, ka ce ka yi kuskure. Kada ka fara da barkwanci. Idan ka ba ta dariya ka hana ta damar yin fushi, kuma tana da haƙƙin ta yi shi. In ta yi shiru ka ƙyale ta da shirunta. Yarda takan dawo, amma sai ta ga ka tsaya a bayanta a layin ofis kana bin abin da ta ce.

Ba zan yi maka alkawarin sakamakon zai iso a kan kari ba. Akwai kyakkyawan fata, amma yana iya makara. Idan hakan ta faru, irin wannan sakamako yakan yi aiki har wani lokaci mai tsawo, ta tambaya ko za a ɗage mata gurbin zuwa zango na gaba. Zai yi ciwo, amma ba ƙarshen karatu ba ne.

Saura magana ɗaya. Ka raba kewarka da karatunta. Haɗeja ba ta buƙatar takardar jami'a kafin ta karɓe ka, kuma tunda kafilinka ya yarda, ka je ko an ɗauke ta ko ba a ɗauke ta ba. Ita kuma ka sani cewa inda kake kira gida, ita baƙunta za ta je yi. Akwai ranar da za ta zauna a ɗakin kwanan ɗalibai a Kano tana kewar zafin Makka da hayaniyar Hindawiyya kamar yadda kake kewar bakin kogi. Ranar za ta buƙaci wanda ya san wannan ciwon, kuma kai ne. Shi ya sa bai kamata ka bari wata ɓoyayyiyar magana ta shiga tsakaninku tun yanzu ba.

Allah ya sa sakamakon ya iso cikin lokaci, ya ba Rumasa'u ilimi mai albarka, ya ƙara wa uwar ɗakinka lafiyar ido, kai kuma ya kai ka gida lafiya ya dawo da kai lafiya. Idan ka shiga Harami ka sa mu a addu'a.

Hajiya Maijidda